Darajar Tsohon Kan Sarki a Ma'aunin Fiƙihu da Hankali

Kan sarki, wanda mutanen Nijar suka fi sani da tambur, ƴar takarda ce mai danƙo a baya da ake liƙawa a kan ambulan domin a nuna cewa an biya kuɗin kai wasiƙa, kuma duk da ƙanƙantarsa yana tayar da tambayar da malaman fiƙihu da masana falsafa suka daɗe suna kai kawo a kanta, wato daga ina abu yake samun daraja, kuma wa ke da ikon cire masa ita. Kan sarki ɗaya yana iya ɗaukar farashi biyu da ba ruwan ɗaya da ɗaya: akwai adadin da hukuma ta buga a fuskarsa, wanda da shi ake aika wasiƙa, akwai kuma abin da masu tara kan sarki suke biya domin su mallake shi, wanda wani lokaci bai kai na farkon ba, wani lokaci kuma ya ninka shi sau miliyoyi. A Kore Mairuwa, garin da ke cikin Dallol Mawri a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 tsakanin Doso da Dogon Dutsi, wanda ya koma ƙarƙashin gundumar Tibiri da aka kafa a 2011, tambayar ba ta tsaya a littafi ba, domin ba a rasa gidajen da ke ajiye da wasiƙun ƴan ci-rani da ɗalibai da tsofaffin sojoji a ƙasan adaka, kuma idan mai gida ya rasu magada sukan rasa ko dukiya ce da za a raba ko tarkace ne da za a share.

Malaman usulu sun sharɗanta cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san haƙiƙarsa, don haka asalin kan sarki ne farkon abin dubawa. Kafin 1840 abin da aka fi sabawa da shi a Ingila shi ne wanda aka kai wa wasiƙa ya biya kuɗinta gwargwadon nisan tafiya da yawan takardu, abin da ya sa marasa hali sukan ƙi karɓar wasiƙunsu, gidan waya kuma ya yi ɗawainiyar banza. Rowland Hill ne ya kawo shawara a 1837 cewa a ɗora biyan a kan mai aikawa, a kuma daidaita farashi ko'ina cikin ƙasar, sai a watan Mayu na 1840 aka fara aiki da baƙin kan sarki na kwabo 1 mai hoton Sarauniya Biktoriya. Faransa ta bi sawu a 1849, sannan a ranar 9 ga Oktoba 1874 ƙasashe 22 suka sa hannu a birnin Bern a kan yarjejeniyar da ta haifi Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda ta mayar da ƙasashen da ke cikinta kamar yanki guda wajen kai wasiƙa. Albarkacin wannan yarjejeniya ne ma'aikacin gidan waya na Akra ko Abijan yake miƙa wasiƙar da aka liƙa wa kan sarkin Nijar ba tare da ya nemi ko dala daga mai karɓa ba, saboda hukumarsa ta amince da alkawarin da hukumar Yamai ta ɗauka. Kan sarki ke nan rasiɗi ne na ijara, wato hayar aiki, wadda aka biya kuɗinta tun kafin a yi aikin, kuma wanda ke riƙe da shi yana bin gidan waya bashin ɗawainiya.

Musulmi ba baƙi ba ne ga alamar da ake sa wa wasiƙa domin a gaskata ta. Ya tabbata a hadisi cewa lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin rubuta wa sarakunan ƙetare, an shaida masa cewa ba sa karanta takardar da ba ta da hatimi, sai aka yi masa zoben azurfa da yake buga wa wasiƙunsa, kuma haka sarakunan daular Sakkwato suka riƙa buga hatimi a takardunsu. Sai dai hatimi yana shaida wanda ya yi magana ne, kan sarki kuwa yana shaida cewa an biya, kuma abin da ya haɗa su shi ne dukansu ba su da wani ƙarfi a jikinsu sai wanda mai iko ya ba su.

Tarihin ƙasar Arewa, wato yankin Arawa da ke Dallol Mawri, ya nuna haka a fili. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka ƙulla a 1898 ta bi da iyaka ta tsakiyar Dallol Mawri har ta haɗu da wata da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, abin da ya bar Faransawa da hanyar da ba ta da wadatar rijiyoyi idan za su tafi Damagaram daga kogin Kwara, sai yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka gyara iyakar. Da an bar ta yadda take, da wani sashe na Arawa da kan sarkin Ingila zai riƙa aika wasiƙa. Kan sarki na farko da aka yi wa Nijar ita kaɗai ya fito a 1921, kuma shi ma aro ne, domin an ɗauki na yankin da Faransawa suke kira Haut-Sénégal-Niger, mai hoton mutum bisa raƙumi, aka buga masa sabon suna a kai. A 1926, shekarar da aka mayar da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, aka fitar da jeri na musamman mai hoton masu jan ruwa a rijiya, da kwalekwale a kogi, da ganuwar sojan Damagaram. Daga 1944 aka koma amfani da na Afirka ta Yamma ta Faransa baki ɗaya, har zuwa 1959 da Jamhuriyar Nijar ta fara buga nata, waɗanda na farko-farkonsu suka nuna namun daji irin su raƙumin dawa da jimina da gauraka. Cikin ƙasa da shekara 40 ke nan mai aika wasiƙa daga Dogon Dutsi ya ga sunan mai alkawarin yana ta sauyawa, kuma babu ɗaya daga cikin na mulkin mallaka da zai kai wasiƙa yau ko da hatimi bai taɓa hawansa ba, tun da hukumar da ta ci bashin ta shuɗe.

Tambaya ta farko da mai tsoron Allah zai yi ita ce ko kan sarki kuɗi ne, domin idan kuɗi ne, sayar da mai sefa 100, wato dala 20 a lissafin kasuwa, a kan sefa 500 ya zama riba ta shari'a, wato ƙarin da aka haramta a musayar jinsi ɗaya na kuɗi, wadda ba ita ce ribar ciniki ta halas ba. Ba za a kore tambayar da cewa ai takarda ce kawai ba, saboda an ruwaito a Mudawwana cewa Imamu Malik ya nuna ko fata ce mutane suka amince da ita a matsayin kuɗi har aka buga mata alama, ba zai so a musanya ta da zinariya ko azurfa bisa jinkiri ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana a Ihya'u cewa zinariya da azurfa kansu ba su da wani amfani a zatinsu, Allah ya sanya su ne alƙalai tsakanin dukiyoyi domin a auna kowane abu da su. A kan wannan fahimta ce Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zartar a taronta na birnin Amman a 1986 cewa kuɗin takarda suna ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa wajen riba da zakka. Abin da ke mayar da abu kuɗi ke nan shi ne mutane su auna farashi da shi, su kuma karɓe shi a madadin kowace haja, kuma wannan siffa ba ta tabbata ga kan sarki ba: babu mai tsayar da farashin tiyar hatsi da shi a kasuwar Kore Mairuwa, mai tebur ba zai ba da sukari a karɓe shi ba, kuma ƙofa ɗaya tak yake buɗewa, ita ce ta gidan waya. Haja ce mai ɗauke da haƙƙin aiki, don haka sayar da shi sama ko ƙasa da adadin da ke fuskarsa bai shiga babin riba ba.

Akwai wata shubuha da ta fi wannan ƙarfi, wadda tushenta yake cikin Muwaɗɗa. A zamanin da Marwan ɗan Hakam yake gwamnan Madina an raba wa mutane takardun karɓar abinci daga tashar jiragen ruwa ta Jar, sai suka riƙa sayar wa juna takardun kafin su karɓi abincin, Zaidu ɗan Sabit ya yi inkarin haka, Marwan kuma ya sa aka bi takardun aka karɓe. Wannan ya yi kama da cinikin kan sarki, tun da shi ma takarda ce ta haƙƙin da ba a riga an karɓa ba. Amma malaman Malikiyya sun taƙaita hanin sayarwa kafin karɓa a kan abinci, kan sarki kuwa haƙƙin ɗawainiya ne, kuma wanda ya yi hayar aiki yana iya miƙa haƙƙinsa ga wani muddin mai aikin bai hana ba. Gidan waya kuwa bai taɓa tambayar wanda ya liƙa kan sarki ko shi ya saye shi ba. Inda hukuncin yake sauyawa shi ne tambur na baitulmali, wanda ake liƙawa a takardar shaidar zama ɗan ƙasa da kofen takardar haihuwa da makamantansu, wanda kuma shi ne jama'ar karkara suka fi taɓawa a yau. Hukuma ce ta yanke farashinsa, don haka wanda ya yi tattaki ya sayo wa wani yana iya karɓar ladan aikensa a bayyane, amma ma'aikacin da ya ɓoye shi domin ya yi tsada ya ci amanar da aka damƙa masa.

Tsohon kan sarkin da ba a yi amfani da shi ba yana da wata matsala mai zurfi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran 1 na Faransa da yake daidai da sefa 50 ya koma sefa 100, kuma farashin kaya da na ayyuka suka hau. Wanda ya sayi kan sarkin da ya isa wasiƙa ɗaya kafin wannan lokaci, ya ajiye shi, idan ya fito da shi bayan an ƙara kuɗin aikawa sai an ce ya cika. To me ya saya tun farko, kai wasiƙa ɗaya ko ajiyar wani adadi na kuɗi? Idan aikin ya saya, gidan waya ya karɓi ladansa cikakke ranar ciniki, kuma bai kamata ya nemi ƙari ba. Idan kuwa adadi ya ajiye, adadin kaɗai yake bi. Fiƙihu ya san irin wannan saɓani a babin fulus, wato ƙananan kuɗin tagulla: Muhtasar na Shehu Halil ya tafi a kan cewa idan aka daina karɓar fulus, wanda ake bi bashi zai biya da irinsu, sai idan sun ɓace gaba ɗaya ne zai biya ƙimarsu, alhali Abu Yusuf na mazhabar Hanafiyya yana ganin a biya ƙima idan darajarsu ta sauya. Majalisar Fiƙihu a taronta na Kuwait a 1988 ta ɗauki ra'ayin biya da adadi. Gidajen waya su ma adadin suke dubawa, kuma tun da kowa ya san haka lokacin saye, ƙa'idar da ke cewa abin da aka saba da shi kamar sharaɗi ne ta halatta musu. Duk da haka, kan sarkin da ba a rubuta masa adadi ba, wanda yake kai wasiƙa ɗaya ko yaushe aka fito da shi, irin wanda Faransa ta fara a 1993 da Amurka a 2007, shi ya fi dacewa da ma'anar ijara, domin bai ɗora wa mai saye hasarar da ba shi ya jawo ta ba.

Soke kan sarki ɗungurungum kuwa ƙasashe sun bambanta a kansa. Amurka ta soke nata a 1861 saboda yaƙin basasa, don kada jihohin da suka ɓalle su amfana da wanda ke hannunsu, kuma duk wanda ta buga tun daga lokacin yana aiki har yau. Jamus ta daina karɓar masu farashin mark a ƙarshen Yuni 2002 bayan shigowar yuro, Ingila kuma ta daina karɓar na yau da kullum marasa lambar na'ura bayan 31 ga Yuli 2023, tare da ba da damar musaya. Shari'a ba ta hana shugaba irin wannan mataki ba idan akwai maslaha, kamar toshe ƙofar jabu, amma aya ta farko ta Suratul Ma'ida ta yi umarni da cika alkawura, kuma hukuma ba ta fita daga umarnin ba don ita ce hukuma. Sokewa ba tare da sanarwa da isasshen wa'adi da wurin musaya na kusa ba yana nufin an karɓi kuɗi an ƙi aiki. Sharaɗin kusanci ba ƙarami ba ne, domin idan kuɗin motar zuwa wurin musaya ya fi abin da za a musanya, damar ta zama ta fatar baki, kuma ƴan kasuwar kan iyaka da sauyin takardun naira na ƙarshen 2022 da farkon 2023 ya rutsa da su ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan.

Wanda hatimi ya riga ya hau, bashinsa ya biyu. Goge hatimin ko wanke shi domin a sake liƙawa algus ne, kuma neman a biya bashi ɗaya sau biyu ne, ko da adadin bai taka kara ya karya ba.

Daga nan ne daraja ta biyu take farawa, kuma mutanen Arewa sun taɓa ganin irinta. Wuri ya yi ƙarnoni yana kuɗi a ƙasar Hausa, har Heinrich Barth ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dalar azurfa 1 a Kano a 1851, sannan mulkin mallaka ya ture shi da nasa kuɗin. Amma wuri bai koma shara ba, ya ci gaba da samun masu saye domin adon ƙwarya da laya da kayan ƴan bori, a farashin da masu buƙatarsa suka yarda da shi. Haka kan sarki yake idan hukuma ta janye hannunta, sai dai kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa tsufa ne yake sa shi tsada. Baƙin kan sarkin 1840 shi ne mafi tsufa a duniya, amma an buga fiye da miliyan 68, don haka mai matsakaicin hali yana iya mallakarsa. Wanda ya fi kowane suna shi ne na santi 1 da aka buga a Giyana ta Ingila a 1856, wanda guda ɗaya tak aka sani ya rage, aka sayar da shi dalar Amurka miliyan 9.48 a 2014, sannan a 2021 aka sake sayar da shi miliyan 8.3, wato ya ragu da fiye da miliyan 1 alhali takardar ba ta sauya ba. Adam Smith ya lura a 1776 cewa ruwa ya fi komai amfani amma ba ya sayen komai, lu'ulu'u kuwa amfaninsa kaɗan ne amma yana sayen abu mai yawa, kuma amsar da masana tattalin arziki suka bayar daga baya ita ce farashi yana bin ƙaranci da yawan masu nema. Ga kan sarki ana ƙara lafiyar jikinsa: cikar haƙoran gefensa, da rashin yagewa, da rashin tabon damshi, abubuwan da gara da zafin bazara da raɓar damina ba su cika bari ba.

Shin shari'a ta yarda da wannan daraja? Malikiyya sun sharɗanta wa abin sayarwa ya zama mai tsarki, mai amfani, wanda ba a hana cinikinsa ba, wanda za a iya miƙawa, kuma sananne ga masu ciniki, kuma gardamar duka tana kan sharaɗin amfani. Masu hanawa daga malaman wannan zamani suna cewa takardar da ba ta kai wasiƙa ba ta da amfani, zuba kuɗi a kanta almubazzaranci ne wanda Suratul Isra'i ta yi hani da shi, mai yin haka kuma ya kusanci safihi, wato wawan da Suratun Nisa'i ta hana a damƙa wa dukiya. Masu halattawa suna cewa amfani bai taƙaita ga ci da sha da sutura ba, tun da malamai sun yarda da cinikin tsuntsu domin kyan launinsa ko daɗin kukansa, kuma al'ada ce take tantance abin da masu hankali suke ɗauka dukiya. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi game da asalin cinikin, ta farko kuma ta fi ƙarfi game da halin mai saye, domin israfi, wato wuce iyaka wajen kashe dukiya, ana auna shi ne da wadatar mutum da haƙƙoƙin da ke wuyansa. Malamin makarantar da ya kashe ɗan abin da ya rage masa ya tara jerin 1926 domin ya nuna wa ɗalibai yadda Faransawa suka so a ga Nijar bai yi laifi ba, amma wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin damina ya ɗauki kuɗin hatsi ya sayi takarda ya yi, ko da cinikin ya inganta a zahirin hukunci. Batun hoton mai rai da ke jikin kan sarki kuwa bai da wuya a mazhabar Malikiyya, domin abin da aka haramta shi ne cikakken mutum-mutumi mai inuwa, zanen da ke shimfiɗe a takarda kuwa bai wuce karhanci ba.

Wurin da ya fi cancantar tsoro shi ne inda ake ƙirƙiro ƙarancin da gangan. An daɗe ana buga kan sarki da sunan ƙasashen Afirka, har da Nijar, masu hotunan taurarin wasa da motoci da dabbobin da ba a taɓa gani a Sahel ba, waɗanda ba a yi su domin wasiƙa ba sai domin aljihun masu tarawa na ƙetare. Wasu da izinin hukuma ake buga su, wasu kuwa jabu ne tsantsa, abin da ya sa Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ta kafa tsarin rajistar lambobi a 2002 domin a bambance na gaske. A Sifen kuma, a watan Mayu na 2006, hukuma ta rufe kamfanonin Afinsa da Fórum Filatélico, waɗanda suka karɓi ajiyar dubban ɗaruruwan mutane bisa alkawarin riba tabbatacciya daga kan sarkin da su da kansu suke yanka wa farashi. Wannan ya haɗa garari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙarsa ba, da najashi, wato kumbura farashi domin a ruɗi mai saye, kuma lamunce riba a kan ajiya ya mayar da shi bashi mai jawo amfani.

Ga ƙasar Arewa, abin da ya fi ƙima a cikin adaka sau da yawa shi ne ambulan ɗin baki ɗayansa. Kan sarkin da ya zo daga Kumasi ko Abijan ko Ikko an buga irinsa da yawa, kuma shi kaɗai ba zai sayi goro ba. Amma ambulan mai ratsin ja da shuɗi a gefe, wanda zagayayyen hatimi ya hau rabin kan sarkin da rabin takardar, ya nuna sunan garin da aka jefa wasiƙar da ranar da aka jefa ta, a gabansa kuma an rubuta sunan mai karɓa ta hannun wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, ko ta akwatin gidan waya na wani ɗan kasuwa a Dogon Dutsi, tun da ba a bin gida-gida da wasiƙa, wannan shaida ce ta inda mutanen gari suka je neman kuɗi, da shekarar da suka je, da wanda suka amince wa ya karanta musu sirrinsu. Masu tarawa da suka ƙware sun san haka, shi ya sa sukan fifita ambulan mai hatimin ƙaramin gidan waya a kan na babban birni, domin wasiƙun da suka fita daga ƙananan wurare kaɗan ne. Wanda ya ɓamɓare kan sarkin ya yar da ambulan ya riƙe mafi arha ya zubar da mafi tsada. Yanzu da wayar salula da kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza suka ɗauke mafi yawan abin da wasiƙa da manda, wato takardar aika kuɗi ta gidan waya, suke yi a da, ba a ƙara samar da irin wannan shaida, kuma abin da gara ta ci ba shi da madadi.

Wannan ya kawo hukuncin ciniki tsakanin masani da wanda bai sani ba. Annabi ya hana tarbar fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa su san farashi, kuma illar hanin ita ce cin gajiyar jahilcin mai kaya. Mashhurin zance a Malikiyya shi ne gabanu, wato mummunan faɗuwa a farashi, ba ya warware ciniki tsakanin masu wayo biyu, sai dai idan ɗaya ya sallama wa ɗaya, ya ce masa bai san farashi ba, ya saya yadda mutane suke saye, wanda ake kira cinikin istirsali; a nan ɓoye gaskiya haramun ne, kuma wanda aka cuta yana da zaɓin mayarwa. Ibn Asim na Garnaɗa ya kawo a Tuhfatul Hukkam ra'ayin da ke ba wanda aka cuta damar kai ƙara idan ya jahilci farashin, faɗuwar ta kai sulusi, kuma shekara ba ta wuce ba. Dattijuwar da aka zo wa da maganar a rage mata tsofaffin takardu, ta ce a ba ta abin da ya sauwaƙa, ta sallama ne ko da ba ta furta lafazin littafi ba, kuma mai saye da ya san abin da ya gani wajibi ne ya faɗa mata.

Game da gado, duk abin da ke da masu saye ya shiga tarika, wato dukiyar da mamaci ya bari, don haka ba ya halatta magaji ɗaya ya kwashe ambulan ya sayar shi kaɗai bisa hujjar cewa takardun banza ne. Sai dai wasiƙar da ke ciki tana da hukunci dabam da na ambulan, domin tana iya ƙunsar bashi ko wasiyya da ya wajaba a zartar kafin rabo, tana kuma iya ƙunsar sirrin mutanen da ke raye wanda ba magada ke da ikon sayar da shi ba, don haka ana cire ta a duba kafin ambulan ya fita daga gida. Zakka kuwa tana bin niyya: abin da aka ajiye domin sha'awa ko ilimi ƙunya ce, wato kayan amfanin kai, babu zakka a kansa komai tsadarsa, haka ma wanda aka gada har sai an sayar kuɗin ya shekara a hannu ya kuma kai nisabi. Wanda ya saya domin kasuwanci, idan mudiri ne, mai saye da sayarwa kullum, yana ƙiyasta ƙimar kayan kowace shekara ya fitar da kashi 1 cikin 40, idan kuwa muhtakiri ne, mai ajiyewa yana jiran farashi ya hau, yana fitar da zakkar shekara ɗaya ranar da ya sayar, ko da kayan sun yi shekaru a hannunsa.